Takunkumin Ƙaya

Ajinmu na yamma a wata firamare yake, can cikin lungunan Ƙofar Dumi. Yara su tashi da azahar, mu kuma mu shiga bayan la'asar, mu gaji bencinansu da ɓawon gyaɗarsu. Turanci nake koyarwa, ɗalibaina kuma duk matan aure ne, wasu ma sun girme ni. Bencinan don 'yan aji ɗaya aka yi su, saboda haka kullum darasin farko shi ne yadda mace mai jiki za ta zauna ba tare da benci ya yi ƙara an yi mata dariya ba.

Wata shekara aka tura mu taron bita na malaman yaƙi da jahilci. Wanda ya yi mana jawabi wani siririn malami ne mai yawan cewa "a taƙaice", amma har aka tashi bai taƙaita komai ba. Cikin dogon bayaninsa abu ɗaya ya maƙale mini. Ya ce mu riƙa tambayar ɗalibai, koyon sabon harshe kamar me yake a wurinsu? Ya ce abin da mutum ya kwatanta karatu da shi, a nan yake ɓoye abin da yake tsoro da abin da yake fata. Ni kuwa na ce a raina, wannan bai taɓa tsayawa gaban matan da suka bar tukunya a kan wuta ba. Na ci shinkafar bita, na koma gida, na manta da shi.

Alli ne ya tuna mini. Wata Laraba na zo na tarar an kulle ofishin hedimasta da kwalin alli a ciki, babu ko guntu a aljihun jakata. Ga mata sun zuba mini ido, wasu daga nesa suka zo. Don kada ranar ta tafi a banza sai na jefa musu tambayar siririn malami.

"To, yau ba rubutu. Kowacce ta gaya mini, koyon Turancin nan da muke fama da shi, kamar me yake?"

Suka bi ni da kallo kamar na tambaye su shekarunsu. Wadda ta fara buɗe baki wata Hajiya ce mai sayar da atamfa, 'yar gidan malamai a cikin gari, wadda ba ta taɓa makara ba kuma ba ta taɓa yarda da ni ba.

"Kamar hadda ne mana," in ji ta. "Malam ya biya, ki biya. Ba a ƙara wa karatu, ba a rage masa."

Nan take na gane abin da ya daɗe yana haɗa ni da ita. Duk ranar da na ce su juya su yi hira da juna da Turanci, kowacce ta faɗi abin da ya zo bakinta, sai Hajiya ta ɗaure fuska ta naɗe hannu. Ni ina ɗauka girman kai ne. Ashe a wurinta ɗalibi ya ƙirƙiro jimlarsa rashin ladabi ne ga karatu. Daga ranar na riƙa ba ta gajeriyar hira ta haddace, ita kuma ta zo ta zuba mini ita ba tuntuɓe, muka zauna lafiya.

Sai wata matar soja da ke zuwa daga barikin Shadawanka, 'yar kudu ce, Hausarta irin ta bariki, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Ta ce, "Malama, shi wannan abu kamar an canza ma mijinka wurin aiki ne. Ka je sabon gari, ka shiga kasuwa, ka faɗi magana ba daidai ba, su yi maka dariya. Gobe ka koma. Ni yare huɗu yana cikin kaina, ba wanda ya mutu." Aka kwashe da dariya, ita ce ma kan gaba. Wata mai ɗinki kuma ta ce ita dai kayan aro ne a wurinta, ka sa ka je biki, ka dawo ka cire ka ninke.

A bencin baya, jikin taga, akwai wadda ba ta ce komai ba. Bafulatana ce, doguwa, matar wani ma'aikacin gwamnati, daga unguwar Gwallameji take shigo keke napep kullum. Lokacin da ta fara zuwa, babu mai kunnenta a ajin. Sau ɗaya zan faɗi kalma ta cafe, har da yadda nake lanƙwasa ta. Ta gaya mini tun ranar farko abin da ya kawo ta: 'ya'yanta suna makarantar kuɗi, sun fara dawowa gida da Turanci a baki, suna hira a gabanta suna dariya, ita kuma tana tsaye da ludayi ba ta san da wa ake ba. Amma kwanan baya ta canza. In na tambaye ta sai ta ce ba ta iya ba, alhali ina ganin amsar tana motsi a leɓenta. Ta koma bencin baya, ta fara tsallake ranaku. Raina ya ɓaci da ita ƙwarai, domin babu abin da ke ƙona wa malami rai kamar ɗalibi mai kai ya zauna yana wasa da shi.

Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Wannan gadon na riƙe shi gam, ba na bari Bafulatani ya wuce ni lafiya. Na ce mata, "Ke 'yar Fulani, baiwata, ko sai na koro miki saniya cikin aji za ki yi magana?"

Da can takan rama, ta ce yaushe bawa ya fara kiran ubangijinsa. Ranar ba ta rama ba. Ta dubi tagar ta ce, "Kamar yaye ne."

Matan suka gyaɗa kai, don kowaccensu ta yaye ɗa. Hajiya ta ce ai kuwa, da wuya da farko, daga baya yaro ya saba.

"Ba yayen mutum ba," in ji Bafulatanar. "Na maraƙi. A ruga, in maraƙi ya fara cin ciyawa sosai amma ya ƙi barin nono, sai a ɗaura masa takunkumin ƙaya a hanci. Shi bai san yana ɗauke da komai ba. Ya zo wurin uwarsa da gudu kamar kullum, ya kai baki, ƙayar ta soki hantsarta, ta harbe shi. Ya sake zuwa, ta sake harbinsa. Ba wanda ya kore shi. Uwarsa ce da kanta."

Babu wadda ta yi dariya. Ana cikin haka aka fara kiran magariba a masallacin bayan makaranta, kowa ta shiga neman takalminta.

Na ce mata ta jira ni. Muka sallaci magariba a gidan wata ɗaliba da ke maƙwabtaka da makarantar, sannan muka taka tare zuwa bakin titi inda take samun keke. Lungun matsattse ne, 'yan acaɓa suna ta matsa mu jikin bango, maƙera suna kwashe kayansu. A nan ta ba ni labarin, guntu-guntu, tana yi tana kallon gabanta.

Ita 'yar fari ce. A ruga aka haife ta, tana ƙarama ƙanwar mahaifinta da ke aure a cikin gari ta ɗauke ta riƙo. Gidan da ta tashi Fulani ne a suna, amma sun daɗe da zama gari, Hausa ake yi daga safe har dare. Da aka kai ta ruga ganin gida bayan an daɗe, ta ruga wurin mahaifiyarta tana murna, ta gaishe ta da Hausa, ta kai hannu ga ƙwaryar da ke gabanta. Uwar ta janye ƙwaryar, ta kawar da kai, ta tambayi matan da ke wurin da Fulatanci, 'yar Hausawan nan ta wace ce? Aka yi dariya. Wataƙila wasa ne, wataƙila kunyar ɗan fari ce, don uwa a wurinsu ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna tana so. Amma yarinya ba ta san wannan ba. Abin da ta sani shi ne ta zo da wani abu a bakinta, an harbe ta.

Haka suka rayu, gaisuwa da sallama, har ta yi aure ta haifi nata. Sai a shekarar da nake ba da labari ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama tsohuwar, aka kawo ta asibiti, daga nan aka wuce da ita gidan 'yarta a Gwallameji. Ciwon ya tafi da hannunta na dama, ya kuma tafi da 'yar Hausar da ta koya wurin tallan nono, ƙaf, ko "sannu" bai bar mata ba. Sai Fulatanci zalla.

"Kuma ya tafi da kunyar, Malama," in ji ta. "Yanzu Inna tana yi mini magana. Ta riƙe hannuna ta yi ta magana. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta kira ni 'yata ba sai bana. Amma rabi nake ji. Rabin kuma in gyaɗa kai kawai."

Na ce to me ya haɗa wannan da ajina?

Ta ce ranar da na koya musu sunayen kayan kicin, ta koma gida tana maimaitawa a keke. Da ta shiga ɗakin Inna za ta ba ta kunu, ta so ta tambaye ta ko ta kawo cokali. Kalmar Turanci ta zo bakinta tsaf. Ta Hausa ta biyo baya. Ta Fulatanci kuwa, wadda ta sani tun tana yarinya, ta neme ta sama da ƙasa ta rasa. Ta tsaya da kwano a hannu, tsohuwa tana kallonta.

"Hausa ta cinye mini rabi. In Turanci ya shigo, sauran zai cinye. In na bi yarana, na bar Inna. Ita kuma ba ta da sauran lokaci mai yawa. Yaran su jira."

Wato barin ajin za ta yi, ta rasa yadda za ta gaya mini ne kawai. Tausayinta ya kama ni har na ji kunyar fushin da nake yi da ita. Amma bakin malami ba ya zama shiru, sai na shiga yi mata bayani. Na ce kan ɗan'adam ba tulu ba ne da zai cika ya zube, gida ne mai ɗakuna da yawa, kowane harshe da ɗakinsa. Na ce ga matar soja nan da harsuna huɗu, ba wanda ya mutu.

"Ita duk Kirsimeti tana zuwa garinsu, ta tarar da gari guda yana yi mata yarenta," in ji ta. "Ni mutum ɗaya ta rage mini." Sannan ta juyo ta dube ni, ba da faɗa ba. "Malama, ke da kike cewa ke Babarbariya ce, ina Barbarcin?"

Abin da ya rage mini daga kakata bai wuce gaisuwar safe ba, da wani zagi guda da take yi wa akuya. Tana raye ina jin ta tana magana da 'yan'uwanta, ban taɓa zama na ce mene ne wannan ba, don a lokacin gani nake tsohuwa ba ta ƙarewa. Keke ya tsaya, ta shiga, na tsaya a bakin titi da ɗakunana masu yawa.

Kwana biyu ina juya maganar, ina wanke-wanke ina juya ta, ina kan acaɓa ina juya ta. Na lura cewa gidana mai ɗakuna ba zai taɓa shiga kanta ba, domin ba a cikinsa take ba. Ita tana can tsaye a ruga tana kallon maraƙi. In ina so in same ta, sai dai in je can.

Allah Ya sa ta zo ranar Asabar, ina jin sallama ta zo yi. Kafin ta buɗe baki na tare ta a ƙofar aji.

"Zo nan, baiwata, ki koya mini kiwo. Maraƙin nan naki, ranar da ya fara cin ciyawa, ranar ake ɗaura masa ƙaya?"

Ta yi murmushi, irin na wanda ya ji ɗan birni ya yi wauta. "Haba, Malama. Ai yana daɗewa yana haɗawa. Ya ci ciyawa da rana, da yamma ya dawo ya sha nono. Watanni yana haka. Ƙaya sai an ga dama ake ɗaurawa."

"Wa yake ɗaurawa?"

"Mai shanu."

"To, a ajin nan ni ce mai shanu, kuma ban ce a yaye ki ba. Daga yau duk kalmar da na ba ki, ba ki da izinin dawo mini da ita ita kaɗai. Sai tare da ta Fulatanci, kuma daga bakin Inna, ba daga naki ba. In kin zo da ɗaya babu ɗaya, ban karɓa ba."

Ta ce, "Wannan yana cikin karatun?"

Na ce ni ce Malama ko ita? Ta yi dariya, ta ce Barebari dai ba su iya roƙo ba, sai mulki. Amma ta shiga ta zauna, a bencin tsakiya.

Ban yi tsammanin abin zai wuce mako biyu ba. Sai ga shi ya zama abin da ajin gaba ɗaya ke jira. Kafin mu fara darasi ta miƙe, ta faɗi kalmar Turanci, ta bi ta da ta Inna. Nono, kosam. Ruwa, ndiyam. Hajiya mai atamfa, da yake ita komai aka biya sai ta biya, ta shiga haddace su duka biyun, har ta fara gyara wa wasu. Matar soja ta ce ita ma a ba ta, yare na biyar ke nan, ta ga yadda masu tallan nono za su sake cutarta.

Ranar da na ba ta kalmar saniya, ta dawo tana riƙe ciki don dariya. Ta ce ta tambayi Inna, Inna ta ce wace saniyar? Fara ko ja? Mai ƙaho a tsaye ko wanda ya kwanta? Wadda ta taɓa haihuwa ko karsana? Kowacce da sunanta, tsohuwa ta yi ta jero su har kunu ya huce. Da aka gaya mata Turawa kalma ɗaya suke da ita, sai ta ce Allah sarki, ashe matalauta ne. Abubuwan da babu su a ruga kuwa, irin su fanka da firji, Inna ba ta yarda a ce babu sunansu ba, nan take take raɗa musu. Fanka ta zama "mai juya kai ba ta gaisuwa". Har yau in na ga fanka tana waiwaye a ɗaki sai na tuna.

Ba kullum ake dariya ba. Wata rana na ba su kayan ɗinki, allura da zare da almakashi. Da muka sake haɗuwa Bafulatanar ta zo idonta a kumbure, ta faɗi kalmominta ta zauna. Bayan an tashi ta ce mini da ta nuna wa Inna allura, tsohuwar ta faɗi sunan, sannan ta ci gaba. Inna ta ce ita ta ɗinka rigar da aka sa wa 'yar tata ranar da za a kai ta gari, da hannunta, a ɓoye, ta ba wata don a ce waccan ce ta ɗinka. Kuma da aka tafi da yarinyar, ta ɗauki ƙwarya kamar za ta rafi, ta bi su daga nesa ta cikin dawa har bakin hanyar mota, ta tsaya bayan wata bishiya har motar ta ɓace. Ba ta isa ta yi kuka a ga idonta ba, 'yar fari ce.

"Sau uku na sa ta maimaita," in ji ta, "don in tabbata na ji daidai. Kuma na ji, Malama. Duka na ji."

Sau ɗaya na je gidan. Gwallameji a lokacin gini ake ta ko'ina, wani gida an gama, na kusa da shi ko rufi babu, ga tulin yashi a kan hanya mai keke yana ta kewaye. Na tarar da tsohuwar a kan katifa a ƙasa, don ta ƙi gado, 'yar ƙarama da ita, fara, bakinta ya ɗan karkace. Da 'yarta ta gaya mata ni ce malamar, kuma jikar Barebari ce, sai idonta ya yi haske. Ta ɗaga hannun da ke aiki ta nuna ni, ta yi wata doguwar magana. 'Yar ta fassara tana dariya: wai an gode da aka kawo mata baiwarta, ta daɗe tana nema, a ba ni tsintsiya in fara da tsakar gida. Na ce a gaya mata na zo karɓar harajin shanun da suka ci mana gona. Muka yi ta yi, ni da ita, ba mai jin harshen wani, 'yarta a tsakiya tana kai wa tana kawowa. Sai daga baya na lura ko sau ɗaya ba ta tsaya neman kalma ba.

A nan na ga yaran ma sun shigo cikin abin. Uwar tana tambayarsu ko ta faɗi Turancin daidai, su gyara mata suna jin daɗi, sannan su biyo ta ɗakin kakarsu su ji me tsohuwa za ta ce. 'Yar autar, wadda da ko ɗakin ba ta shiga don tsoron bakin kakar, tana zaune a gefen katifa tana nuna abubuwa da yatsa.

Kada in yi ƙarya, ba ta zama gwanar Turanci ba. Hankalinta ya rabu, jinya kuma ba ta barin mutum ya yi karatu, waɗanda ta fi a da suka wuce ta. Fulatancin ma bai dawo duka ba, akwai ramuka, kuma akwai ranakun da harshen tsohuwar ke yin nauyi har ba a gane abin da take cewa. Ban kuma san ko ta bar yarda da maganar ƙayarta ba. Ban sake tambayarta ba, ita ma ba ta sake tayarwa ba. Abin da na sani shi ne ta daina tsallake ranaku.

Da damina ta kankama muka shiga darasin yanayi. Ranar wata Laraba na ba su hadari, da tsawa, da ƙanƙara, da bakan gizo, na ce a kawo mini ranar Asabar. Asabar ta zo ba ta zo ba. Da yamma wata maƙwabciyarta ta aiko mana cewa tsohuwar ta cika tun ranar Alhamis da dare, an yi jana'iza da safiyar Juma'a.

Muka je ta'aziyya mu duka, keke uku. Hajiya ta yi addu'a mai tsawo. Matar soja ta durƙusa ta riƙe hannunta tana kuka tana cewa, "Shi ya tafi, shi ya huta, Allah ya ji ƙansa," babu kuma wanda ya ga abin gyarawa a Hausarta ranar. Ni dai na zauna a gefe ina kallon inda katifar take, an naɗe ta an jingine a bango.

Na ɗauka shi ke nan, ba za ta dawo ba, ban kuma ga laifinta ba. Muka ci gaba, muka gama yanayi muka shiga sassan jiki, muka wuce. Sai bayan an yi sadakar arba'in, wata Laraba ina rubutu a allo, na ji sallamarta. Ta rame. Matan suka matsa mata a bencin tsakiya, aka gaisa, aka sake yi mata gaisuwa. Na ɗauki alli zan ci gaba, sai na ga ta miƙe tsaye kamar yadda ta saba kafin darasi.

Ta faɗi hadari da Turanci, ta bi shi da na Fulatanci. Ta faɗi tsawa, ta bi ta. Ta faɗi ƙanƙara, ta bi ta. Ta ce waɗannan ukun ta samu ta tambaya ranar Laraba da ta koma, kafin Inna ta ce ta gaji, a bari sai gobe. Sannan ta faɗi bakan gizo da Turanci, daidai, ba kuskure ko kaɗan, ta tsaya. Muka jira.

"Wannan ita kaɗai na kawo, Malama. Na san kin ce ba kya karɓa."

Na ce na karɓa.

Ba ta zauna ba. Ta ce 'yar autarta ba ta bar wasan ba. Kullum sai ta nuna abu ta ce, Umma, wannan fa, da yaren Inna? Ita kuma ta gaya mata, cokali, allura, saniya fara, saniya ja. "Yanzu ni ake tambaya," in ji ta. Shekaranjiya bayan ruwa ya ɗauke yarinyar ta shigo da gudu ta ja ta waje, ta nuna mata sama ta bayan ginin da ba a rufa ba, ta tambaye ta.

Hajiya ta ce a hankali, "Me kika ce mata?"

"Na ce mata ban samu na tambaya ba."

Ta zauna, benci ya yi ƙararsa, ba wadda ta yi dariya. Na juya ga allo na ɗauki tsumma. Na daɗe ina gogewa, ko da yake rubutun ya riga ya fita.